Sirrin amon jitar AC/DC: rage gurnani, kare kunne

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan Ingila sun rungumi jitar lantarki, kuma amon da suka fi nema shi ne na ƙungiyar AC/DC, musamman na faifan Back in Black da ya fito a 1980. Sai dai mun lura akasarinsu sukan murɗa maɓallin Gain har ƙarshe, suna zaton yawan gurnani shi ne sirrin. Lamarin ba haka yake ba.

Angus Young, ƙwararren makaɗin ƙungiyar, ya shahara ne da jita ƙirar Gibson SG da amfilifaya ta Marshall, wato kamfanin da marigayi Jim Marshall ya soma a unguwar Hanwell ta yammacin Landan a 1962. Samfurin Super Lead mai ƙarfin wat 100 ba shi da maɓallin da zai rage ƙara ya bar gurnanin. Dole sai an buɗe shi sosai, kwalaben bawul ɗin ciki su cika su batse, sannan amon ya yi kaushi. Shi ya sa idan mai karatu ya kasa kunne zai ji kowace tsirkiya tana fita daram, babu cakuɗewa.

To, yaya za a samu wannan amo a ɗaki? Shawararmu ita ce a sa Gain tsakanin 4 da 5, Bass a 3 ko 4, Middle a 6 ko 7, Treble da Presence kuma wajen 5, sannan a kashe Reverb. A jikin jitar, a zaɓi maganaɗisun da ke ɗaukar amo daga can gindin tsirkiya, a bar maɓallin ƙara a 7, sai lokacin kiɗan kaɗaici a kai shi 10. Wanda amfilifayarsa ba ta da kaushi yana iya haɗa ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, irin su Ibanez Tube Screamer ko Boss SD-1, amma ya rage Drive, ya ɗaga Level. Saura kuwa aikin hannu ne: a bugi tsirkiya da ƙarfi, a danne wadda ba a so ta yi magana.

Babban abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne lafiyar kunne. Dokar Birtaniya ta 2005 kan ƙara a wurin aiki ta wajabta kare kunne idan ƙarar yini ta kai desibel 85, alhali amfilifaya mai wat 100 a buɗe ta zarce haka nesa ba kusa ba. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar, cewa zai iya kurumcewa, har ya dakatar da rangadi, Axl Rose ya ƙarasa a madadinsa.

Don haka muna kira ga iyaye, idan za a saya wa yaro amfilifaya, mai wat 1 zuwa 5 ta wadatar a gida. Masu wasa a dandali kuma su riƙa toshe kunne. Rigakafi ya fi magani, kuma maƙwabci ma yana da haƙƙi.