Yadda Kashin Maƙera Ya Zama Taki a Turai

Duk wanda ya san tsohuwar maƙera ya san tarin kashin maƙera da ake zubarwa a bayanta. A Turai kuwa an yi kusan shekara 100 ana niƙa irinsa ana sayar wa manoma.

Abin ya samo asali ne daga wata matsala ta masu narka tama. Tamar yankin Loren, wajen iyakar Faransa da Jamus, cike take da sinadarin fosforas, wanda ke sa ƙarfe gautsi. A cikin 1878 wani akawun kotu a London, Sidney Gilchrist Thomas, shi da ɗan'uwansa Percy Gilchrist, suka fito da dabara. Sai a shafe cikin tukunyar narkawa da wani dutse dangin farar ƙasa, a kuma zuba farar ƙasa a kan narkakken ƙarfen. Ita ce ke kama fosforas ɗin, su taso sama tare, a tsiyaye su gefe guda su daskare.

To, ashe abin da ke ɓata ƙarfe abinci ne ga shuka, don da shi saiwa ke ƙarfi, ƙwaya ta cika. Cikin shekarun 1880 Jamusawa suka shiga niƙa kashin nan har ya yi laushi kamar gari. Shi Thomas bai ga yadda kasuwar ta bunƙasa ba, ya rasu a 1885 yana da shekara 34.

Garin ba ya narkewa a ruwa nan da nan kamar takin supa. Ƙasa mai tsami ce ke cinsa sannu a hankali, saboda haka zubi ɗaya yakan yi shekaru yana aiki, farar ƙasar da ke ciki kuma tana rage tsamin. A gonar gwaji ta Cockle Park a arewacin Ingila, tun ƙarshen shekarun 1890 aka ga makiyayar da aka zuba wa shi ta fid da ciyawa mai kyau, tumaki suka ƙara ƙiba.

Cikin shekarun 1970 takin ya soma wuya, domin masana'antu sun koma sayen tama mai ƙarancin fosforas daga Ostareliya da Burazil.

Mu a nan, ƙasar noman Arewa da yawa tana fama da ƙarancin fosforas. Tamar Agbaja kusa da Lakwaja kuwa irin ta Loren ce, yawan fosforas ɗinta na cikin abubuwan da suka sa aka daɗe ana ƙyale ta a ƙasa.