Iskar da ke kore tsoro a ɗakin likitan haƙori

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta wajen likitan haƙori ta san abin da ke faruwa a bakin ƙofa. Yaron da ya kwana yana kukan ciwo, da ya hangi kujera da fitila da ƙarafuna, sai ya datse baki, ya ce ya warke. Wani a danne shi da ƙarfi, wani a mayar da shi gida da ciwonsa, har kunci ya kumbura. Shi ya sa likitoci suka daɗe suna neman abin da zai kwantar da hankalin yaro ba tare da an sa shi barci ba. Ɗaya daga cikin dabarun da suka samu ita ce wata iska da Faransawa ke kira protoxyde d'azote, wadda aka fi sani da iskar dariya.

Iskar nan tsohuwa ce. Wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, shi ya gano ta a shekarar 1772. Bayansa Humphry Davy ya yi ta shaƙarta a birnin Biristol, ya lura tana sa nishaɗi da dariya, tana kuma rage masa zafin haƙori. A 1800 ya rubuta cewa za ta iya amfani wajen fiɗa, amma maganar ta kwanta fiye da shekara 40. Sai a watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori na garin Hartford a Amurka, Horace Wells, ya ga ana wasa da ita a gaban jama'a. Kashegari ya shaƙe ta, ya sa aka cire masa haƙorinsa, bai ji zafi ba. Matsalar ita ce a lokacin ita kaɗai ake shaƙa, alhali jiki ba ya rayuwa sai da iskar oksijan. A 1868 likita Edmund Andrews na Shikago ya nuna amfanin haɗa su biyu, kuma a kan wannan haɗi ake tafiya har yau.

Hanya biyu ake bi. A wasu ƙasashe akwai na'ura mai butali biyu, likita na ƙara iskar kaɗan kaɗan yana duban yaro. Yawanci kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ya isa, ba a cika wuce 50 ba, kuma an ƙera na'urar yadda oksijan ba zai kasa kashi 30 ba. A Faransa kuwa butali guda ne, an riga an haɗa su rabi da rabi, ana ce masa MEOPA. An ba shi izini a matsayin magani a 2001, kuma tun daga 2009 aka yarda likitocin haƙori da suka samu horo su yi aiki da shi a waje da asibiti.

Yadda abin yake shi ne a kifa wa yaro wata ƴar roba mai taushi, a ce ya yi numfashi kamar kullum. Cikin minti 3 zuwa 5 sai jikinsa ya saki, ya ji ɗumi, yatsunsa su yi ɗan tsam-tsam, lokaci ya riƙa wuce masa da sauri. Idonsa biyu, yana jin magana, yana amsawa, yana buɗe baki in an ce ya buɗe, yana haɗiye yawu da kansa. Nan ne bambancinta da maganin barci na ɗakin fiɗa. Jiki kuma ba ya riƙe ta: ta huhu ta shiga, ta huhu take fita. In an gama da na'ura mai butali biyu, akan ba yaro oksijan zalla na wajen minti 5, sa'an nan ya tashi da ƙafarsa.

Sai dai iyaye su san iyakarta. Iskar na rage tsoro da ɗan zafi, amma ba ta kashe haƙori. In cirewa za a yi, ko haƙa mai zurfi, sai an yi allurar da ke kashe wurin. Aikin iskar shi ne ta sa yaro ya karɓi allurar cikin natsuwa. Ta fi dacewa da wanda ya kai shekara 4 zuwa sama, mai fahimtar magana. Abin da ya fi aukuwa na rashin daɗi shi ne tashin zuciya ko amai, don haka kada a cika wa yaro ciki kafin a tafi. Wajibi ne a gaya wa likita in yaro na mura har hanci ya toshe, ko yana ciwon kunne, ko ciwon huhu, ko ƙarancin bitamin B12. Dalili kuwa, iskar na kutsawa duk inda wata iska ta maƙale cikin jiki ta ƙara matsi, kuma tana hana wannan bitamin aiki. Wannan illa ta biyu ce ke lalata jijiyoyin samarin Turai da ke shaƙarta don maye, abin da ya sa Faransa ta hana sayar da ita ga ƙananan yara a 2021, Ingila kuma ta haramta riƙe ta don shaƙa a 2023. Magani ne, wurinsa hannun likita.

Ga abin da ya fi muhimmanci, ya ku masu karatu. Likitocin da ke aiki da iskar nan sun san ba ta isa ita kaɗai ba. Tana sa yaro ya karɓi abin da ake gaya masa, saboda haka suke yi masa magana a hankali tun daga farko har ƙarshe: a gaya masa abin da za a yi, a nuna masa, sa'an nan a yi. Yaron da ke birgima yana ture roba, ba yadda iska za ta shiga ƙirjinsa. To, ina yaro ya koyi wannan tsoro? Sau da yawa a tsakar gida ne, ranar da aka ce masa: in ba ka yi shiru ba, a kai ka likita a yi maka allura. Wanda aka raina da wannan barazana, ranar ciwo zai ɗauki mai magani a matsayin mai horo.

Hasarar kuwa babba ce. Turmin farko na dindindin yana fitowa wajen shekara 6, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa na zaton shi ma zai famɗare a samu wani, sai a bar shi ya ruɓe. In ya tafi, ba mai maye gurbinsa.

Don haka, ko da iskar ko babu, rabin aikin na hannun iyaye. Kada a yi wa yaro ƙarya a ce ba abin da za a taɓa, kada kuma a ba shi labarin azabar da babba ya sha. A kai shi a duba bakinsa tun ba ya ciwo, ya san kujerar, ya san fuskar likita. A rage masa alawa da lemun kwalba, a sa ya goge baki safe da dare da man goge haƙori. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya fita ɗakin likita ba da kuka ba, shi zai koma da ƙafarsa ranar da ya girma.