Ɗigon Man Giya: Ƙaramar Robar da Ke Kwantar da Babbar Mota

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar 'Yankaba ko Dawanau a Kano ya san motar J5. Ita ce ke dakon tumatir da albasa da buhunan hatsi, a loda mata har ta durƙusa, kuma ta kai. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera ta a 1981, ya daina a farkon shekarun 1990, ke nan autar cikinsu ma ta haura shekara 30. Ni bakanike ne, kuma a cikin tsofaffin motocin nan abin da na ga yana kashe akwatin giya ba lodi ba ne, ba kuma ramukan hanya ba. Wata 'yar roba ce da ba ta cika tafin hannu ba, wadda muke kira oyil sil.

J5 da ƙafafun gaba take ja, haka ma Sharon da Boxer. Daga akwatin giya sanduna biyu na ƙarfe suke fitowa, ɗaya hagu ɗaya dama, su ne shaf da ke juya tayoyi. A bakin ramin da kowane shaf ya shiga akwai sil: zoben ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, yana da leɓe siriri da ke rungume da shaf, da ɗan sifirin a bayan leɓen yana matse shi. Idan mota na gudun kilomita 80 a awa, shaf na juyawa fiye da sau 600 a minti guda, leɓen nan kuwa yana gogarsa, ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina. Shekaru suna tafiya robar na ƙeƙashewa, har ta tsage.

Matsalar ita ce akwatin giya ba ya kai ƙara da wuri. Inji yana da sandar awon mai, yana da jar fitila a gaban direba. Giya mai kuloci ba ta da fitilar, man cikinta kuma lita kaɗan ne. Sai direba ya ce da ni, "Oga, ai ɗan gumi ne kawai." Gumin nan ne zai tsiyaye man a hankali, giya ta fara kuka a kan hanya, ta yi taurin shiga, ta riƙa fita da kanta. A motoci da yawa masu jan gaba giya ta biyar ce ke fara lalacewa. Kafin a ankara, aikin rabin yini ya koma sauke akwati gaba ɗaya.

Kafin a taɓa sifana, a tabbatar daga ina man yake. Baƙin mai na inji baƙi ne, ruwa-ruwa. Giris ɗin da ke fita idan robar gaɓar shaf ta yage kauri gare shi, kuma watsuwa yake yi a zagaye. Man giya kuwa hanci ke gane shi, warinsa na farar wuta ne. Nakan wanke wurin tas, in sa a zaga da motar, sannan in leƙa da tocila, domin mai daga sama yake gangarowa, yana iya jiƙe sil ɗin da ba shi da laifi.

Kwancewar ba ta da wani sirri. A sassauta babban notin tsakiyar ƙafa tun taya na ƙasa, a ɗaga mota, a tokare ta da matokari na ƙarfe. Jak shi kaɗai ba abin da mutum zai shiga ƙarƙashinsa ba ne, bulon siminti kuma fashewa yake yi. A juye man a kwano mai tsabta a duba: ƙurar ƙarfe kaɗan ba komai, amma gutsattsari labari ne daban. A kwance gaɓar ƙasa ta ƙafar, a ture ta waje ba tare da an ja tiyon birki ba, a zare shaf. Daga gindinsa ake ɓanɓaro shi, ba a fizgar sandar, don kada gaɓar ciki ta rabu. A wasu motocin shaf na dama yana da boris a tsakiya da aka ɗaure a jikin inji, sai an sake shi tukuna.

Daga nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Kafin a cire tsohon sil, a lura da zurfin da ya zauna. A ɓanɓare shi a hankali, domin jikin akwatin alminiyom ne. Idan bakin sukuddireba ya karce shi, mai zai bi ta karcen ko da sabon sil. Sannan a tambayi abin da ya kashe tsohon. A bi wuyan shaf da farce: idan farce ya maƙale a wani kwari da leɓen ya ci, sabuwar roba ba za ta riƙe ba, sai dai a zaunar da ita gaba ko baya kaɗan ta hau lafiyayyen ƙarfe, ko a canja shaf. A girgiza gindin shaf tun yana ciki. In yana rawa da yawa, boris ɗin ciki ne ya gaji, kuma zai ci kowane sil aka saka. A kuma duba 'yar kafar iska da ke saman akwatin. Idan laka ta toshe ta, iskar da ta yi zafi ba ta da mafita sai ta tunkuɗo mai ta bakin sil.

Wajen saye, a riƙe tsohon a je da shi Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, ko duk inda ake sayar da kayan mota. A jikinsa galibi akwai lambobi uku a milimita: faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Na hagu da na dama sau da yawa ba ɗaya ba ne. Kayan Beljiyam, wato na gwanjo, suna da ranarsu, amma ban da roba, don tsohuwar roba tsohuwa ce ko daga ina ta zo. Araha kuma ba ta ado: kuɗin aikin ya fi kuɗin sil, wa zai so ya biya sau biyu?

Ɓangaren da ke da sifirin shi ke kallon cikin akwati, wajen mai. A shafa wa leɓen man giya, a ɗora sil daidai, a samu soket ko guntun bututu mai faɗinsa, a riƙa bugawa a hankali har ya kai zurfin na da. Ba a dukansa da guduma kai tsaye, gefe ɗaya zai nutse, zoben ya lanƙwashe. Wajen mayar da shaf a tallafe shi ya shiga a miƙe, domin haƙoran bakinsa suna yanka leɓe ko su ture sifirin ya faɗa ciki, kuma ba za a sani ba sai mai ya sake fitowa.

A zuba man da kamfanin motar ya rubuta, ko 75W-80 ne ko 80W-90, ba ragowar baƙin mai ba. A sauke mota ta daidaita kafin a auna. Inda akwai notin awo a gefe, a zuba har ya fara tsiyayowa. Cikawa fiye da haka ma yoyo take jawowa. Babban notin ƙafa a ɗaure shi da ƙarfin da aka ƙayyade, a kulle shi da sabon fil idan mai fil ne.

Alhaji mai mota, ba sai ka iya riƙe sifana ba. Ka nemi a nuna maka tsohon sil da wuyan shaf, ka tsaya a zuba man a gabanka. Bayan mako guda ka sa yaron mota ya leƙa ƙasa da safe kafin a tayar da inji. Idan gindin shaf a bushe yake, an yi aiki. Idan ya jiƙe, ka dawo da ita kafin a yi lodi.