Ƙwayoyin gadon girma da nauyi a jikin tumaki

Ƙwayoyin gadon girma da nauyi wasu ɓangarori ne na DNA da ɗan tunkiya ke gada daga iyayensa, waɗanda ke da hannu a saurin girmansa, yawan tsokarsa da nauyin da zai kai. Tumaki na da kuromosom 54, rabi daga rago, rabi daga tunkiya. Sauyin harafi ɗaya tak a jerin DNA yana iya bambanta rago da ɗan'uwansa, ko da a akurki ɗaya suke cin abinci. An wallafa cikakken jerin DNA na tunkiya a shekarar 2014.

Ƙwayoyin da aka fi sani

MSTN tana kan kuromosom na 2. Ita ke samar da sinadarin mayostatin, wanda aikinsa taka wa tsoka birki don kada ta wuce kima. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Liège ta ƙasar Beljiyam suka gano wani sauyi a wannan ƙwaya a jikin tumakin Texel, 'yan asalin ƙasar Holan. Sauyin yana rage yawan sinadarin, shi ya sa Texel suke da tsoka sosai.

Callipyge tana kan kuromosom na 18. An fara ganin alamarta a jikin wani rago da aka haifa a jihar Oklahoma ta Amurka a 1983. Tana cika cinya da gadon baya da tsoka, amma ba ta bayyana sai ɗan ya gaje ta daga uba kaɗai, bai gaje ta daga uwa ba. Illarta ita ce naman yakan yi tauri, abin da ya hana ta karɓuwa a kasuwa.

GH da IGF1 kuwa suna samar da sinadaran da ke tafiyar da girman ƙashi da tsoka. An sha binciken alaƙarsu da nauyi, sai dai sakamakon yakan bambanta daga wannan iri zuwa wancan.

Gado da kiwo

Irin su MSTN da Callipyge, masu babban tasiri su kaɗai, ba su da yawa. Nauyin yawancin tumaki ya dogara ne da tarin ƙwayoyin gado, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Gado yakan ɗauki kimanin kashi 15 zuwa 40 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin tumakin garke ɗaya. Sauran yana hannun abinci, nonon uwa, lafiya, lokacin haihuwa, da ko ɗan tilo ne ko tagwaye. Ɗan tunkiyar da tsutsar ciki ta kama, ko aka haife shi a tsakiyar rani, ba zai nuna duk abin da ya gada ba.

A Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tumakin da ake kiwo a wannan yanki na jihar Zamfara sun haɗa da Uda, Balami da 'Yanƙasa. Uda doguwa ce, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari. Balami fara ce, kuma ita ta fi sauran tumakin Najeriya girma. 'Yanƙasa matsakaiciya ce, fara mai ɗigon baƙi a kewayen ido, kunne da baki. Wannan bambancin girma gado ne. Dusa da harawa suna cika rago, amma ba sa mayar da ɗan ƙasa Balami.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, tana ba ƙananan hukumomin uku damar noman rani, kuma ragowar amfanin gona na zama abincin dabbobi. Kasuwar Talata Mafara, mai ci ranar Talata, na cikin wuraren da ake hada-hadar raguna, musamman gab da Babbar Sallah.

Zaɓen ragon barbara

Makiyaya da masu turka rago a gida kan yi zaɓe da ido: tsayi, faɗin ƙirji da kaurin ƙashi. Matsalar ita ce ragon da ya fi girma shi ya fi tsada lokacin layya, don haka shi ake fara sayarwa, a bar ƙananan suna barbara. Idan aka ɗore a haka, garke yana rasa ƙwayoyin gadon da suka fi amfani. Barin rago ya hau 'ya'yansa ko 'yan'uwansa ma yana rage girma da ƙarfin jiki.

Gwajin DNA yana buƙatar jini ko ɗan yankin kunne da ɗakin gwaje-gwaje, kuma yana da tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce auna ɗan tunkiya ranar haihuwa, lokacin yaye da bayan wata shida, a rubuta uwarsa da ubansa, a kwatanta shi da sa'anninsa masu cin abinci iri ɗaya, sannan a ajiye wanda ya fi don barbara. Ana kuma sauya ragon garke lokaci-lokaci. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, na cikin cibiyoyin da ke nazarin inganta tumakin gida.