Zuwa Tsibiran Scilly Idan Hunturu Ya Shigo

Tsibiran Scilly suna kudu maso yammacin Ingila, kimanin kilomita 45 daga gaɓar Cornwall, kuma mutanensu ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, jirgin ruwan fasinja na Scillonian yakan taso daga garin Penzance ya isa tsibirin St Mary's cikin kusan awa uku. Da hunturu ya kankama sai a ɗaure shi, saboda teku ta yi fushi kuma baƙi sun ɗauke ƙafa.

Daga nan sai sama. Ƙananan jiragen kamfanin Skybus suna tashi daga filin jirgin Land's End, tafiyar kamar minti 20. Akan auna fasinja da jakarsa, a nuna masa kujerar da zai zauna don nauyi ya daidaita. Akwai kuma helikwafta daga Penzance.

Matsalar ita ce hazo da iska. Hazo na sauka, tashi ya tsaya cak, wani lokaci har kwanaki. Ɗan yawon buɗe ido dai zai ƙara kwana ne kawai. Wanda abin ya fi ci shi ne ɗan tsibirin da likita ke jiransa a Cornwall. Mai niyyar zuwa ya ware kwanakin rara.