Argungu Bayan An Watse Daga Bikin Kamun Kifi

Mafi yawan waɗanda suka san Argungu sun san ta ne ta hoto ɗaya: dubban masunta sun yi sahu a bakin ruwa, kowa da goransa da homarsa, a harba bindiga su auka cikin ruwan Matan Fada gaba ɗaya. Wannan abu na sa'a guda ne a cikin bikin kwana huɗu, kuma ba kowace shekara ake yin bikin ba. Ya taɓa tsayawa kusan shekara goma kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Sauran kwanakin shekara garin yana nan da kasuwarsa da fadamarsa da fadarsa, ƙananan masaukan baƙin da ake rububin ɗakunansu lokacin biki kuwa suna zaune kusan babu kowa. A ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa mai son sanin ƙasar Kabi ya kama ɗaki a can, domin a ranar biki taron mutane kawai ake gani.

Zuwa garin ba wuya. Daga Sakkwato tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka, daga Birnin Kebbi kuwa kimanin rabin wannan, kuma filin jirgin sama na jihar yana Ambursa, a kan hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu. Kada baƙo ya sa ran otal irin na Abuja. Abin da zai samu ɗaki ne mai tsafta da fanka, wani lokaci da na'urar sanyaya ɗaki idan akwai wuta. Abubuwa uku ne ya kamata ya tambaya kafin ya biya kuɗi: ruwa, da lokacin da ake tayar da janareto, da gidan sauro. Na ukun ya fi muhimmanci, saboda gari ne na bakin fadama. Bayan haka sai ya kama mai kula da masaukin ko dattijon da ke gadi ya gaishe shi da kyau, ya ce, "Baba, baƙo ne ni, ina son in ga gari." Shi ne zai nemo masa ɗan kabu-kabu amintacce, shi ne kuma ya san wace mai abinci ce miyarta ba ta kwana.

A fara da gulbi, kuma a je da sassafe, bayan sallar asuba, lokacin da masu jiragen kwale-kwale ke dawowa daga duba tarun da suka kwana a ruwa. Ruwan da ya ratsa Argungu shi ne wanda ya taso daga haɗuwar gulbin Sakkwato da na Rima, ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara. Rayuwar garin duk a kan hawa da saukar wannan ruwa take. Da damina yana tumbatsa ya malale faɗin fadama, kifaye su bi shi cikin ciyayi su yi ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da maɓoya. Idan rani ya shigo ruwa ya janye, sai kifayen su tattaru a wurare masu zurfi da ba sa ƙafewa. Matan Fada ɗaya ne daga cikin irin waɗannan wurare, kuma dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye a cikinsa shi ne an hana yin su a wurin sai ranar da aka ba da izini. Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wannan doka, tare da Homa, shugaban masunta. Abin da masana kiwon kifi ke kira keɓe wuri don kifi ya hayayyafa, Kabawa sun daɗe suna yin sa da ikon sarauta da tsoron saɓa al'ada. Saboda haka baƙo ba zai jefa ƙugiya a nan ba, komai sha'awarsa. Amma yana iya yin ciniki da mai jirgi ya zaga da shi inda aka yarda, ya ga belbela da zalɓe da garken kirinjijiya suna tashi daga cikin shinkafa.

Sarkin kifayen wannan ruwa giwan ruwa ne. Wanda ya ci gasar 2005 ya kama mai nauyin kilo 75, na 2020 kuwa kilo 78, da hannu da homa, ba da injin ba. Kifi ne da ke cin 'yan'uwansa kifaye, yana son ruwa mai zurfi mai wadatar iska, kuma sai ya shekara da yawa kafin ya kai wannan girma. Shi ya sa lafiyarsa take nuna lafiyar gulbin. Tun da aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980, ambaliyar da ke shayar da fadama ba ta ƙara zama bisa ga ruwan sama kaɗai ba. Ta koma bisa ga lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsa. Ga yashi da ke cike ramukan ruwa, ga dubban injinan ban ruwa suna zuƙa da rani. A 2006 ƙarancin ruwa ya sa ba a yi kamun kifin ba. Duk wanda ya zauna da tsofaffin masunta zai ji wannan damuwa a bakinsu kafin ya tambaya, kuma ina ganin ta cancanci kulawar hukuma fiye da yadda ake kula da rumfunan manyan baƙi.

Daga bakin gulbi sai abinci. Kifin da aka kamo da safe yana kan wuta kafin hantsi. Akwai tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da kurungu, kuma wanda ya yi sa'a zai sami yankan giwan ruwa, mai farin nama da ƙarancin ƙaya. A nemi farfesun ragon ruwa da yaji da albasa, ko karfasa soyayya da garin ƙuli. Da rana kuwa tuwon shinkafa ne, na shinkafar da aka noma a bayan gari, da miyar kuka ko ta yakuwa da aka jefa wa busasshen kifi. Da safe akwai masa da ƙosai da kunu a bakin titi, da la'asar Fulani mata na kawo fura da nono. Ba na ba baƙo shawarar ya ci a ɗakin cin abincin masauki sau uku a rana, inda za a ba shi taliya da ƙwai irin wadda zai samu a kowane gari. Ya fita ya zauna a kan benci, ya ce wa mai abinci, "Hajiya, a sa mini na kifi," ya bar kuɗinsa a hannun mutanen gari.

Tsarabar Argungu banda ce. Ya kamata a je inda ake yin ta a gani, domin akwai ilmi a ciki. Ɗanyen kifi fiye da rabinsa ruwa ne, kuma a zafin wannan yanki yini ɗaya ya isa ya lalata shi. Masu banda suna lanƙwasa tarwaɗa su soke ta, su jera a kan waya bisa wuta marar harshe, zafi ya fitar da ruwan a hankali, hayaƙi kuma ya bar wa fatar abubuwan da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Idan ta bushu sosai tana yin makonni, har a kai ta kasuwannin kudu. Mai saye ya duba ta da kyau: ta kirki tana da ƙarfi a hannu da ƙamshin hayaƙi, ba ta zubar da gari. Wadda ke warin magani a bar ta, domin akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, kuma wannan guba ce ga mai ci.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi yini guda shi ne Gidan Tarihi na Kanta, a tsakiyar gari kusa da kasuwa. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 19, kuma nan ne fadar Sarkin Kabi har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. An buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. A cikin ɗakunansa akwai masu da takubba da baka da kibau da bindigogin gargajiya da layu da tambura da kayan su, kuma a harabarsa ake binne sarakunan Argungu, don haka wuri ne da ake shiga da ladabi. Kayan yaƙin suna da yawa saboda tarihin garin na yaƙi ne. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen 1515, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya yi babban birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, wadda mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci a 1805. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka tattaru a Argungu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu a 1849, kuma suka yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da zaman sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa. Daga 1849 har zuwan Turawa ba a taɓa cin Argungu ba, kuma mai yi wa baƙo jagora a gidan tarihin ba zai bari ya fita bai ji wannan ba.

Wanda ya san wannan ne zai gane nauyin abin da ya faru a 1934. A shekarar ce Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa. Daga nan bikin ya samo siffarsa ta yanzu, da kabanci da tseren jirage da kamun agwagwar ruwa da kokawa da dambe, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016. Gidaje biyu da suka shekara kusan ɗari suna zubar da jinin juna suka zauna a bakin ruwa ɗaya suna kallon masunta. Ni wannan ne nake ɗauka babban abin da Argungu ke da shi na nuna wa ƙasar nan, kuma abin takaici ne yara 'yan makaranta daga Sakkwato da Birnin Kebbi su gama sakandare ba a kawo su sun gani ba. Wanda yake son gaida Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda ke kan gadon tun 1996, sai ya bi ta hannun fadawa, ya cire takalmi, ya yi "ranka ya daɗe" kamar kowa.

Da yamma, idan rana ta yi sanyi, a sa ɗan kabu-kabu ya bi hanyar fadama. Daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, nan ƙasa kore ce iyakar ganin ido, injinan ban ruwa na ta ƙara, yara na kaɗa gwangwani suna korar jan baki daga shinkafa. Noman shinkafa tsoho ne a nan, amma noman rani ya bunƙasa ƙwarai bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2017 aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu. Baƙo zai ga buhunan shanshera a kan amalanke da manyan motoci, ya ga mata masu turara shinkafa a gida suna shanya ta a tabarmi.

Mai mota da sauran lokaci yana iya zuwa Gwandu ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ji ɗaya ɓangaren labarin da aka ba shi a gidan Kanta, ko ya wuce Aliero, garin albasa da masu ɗori. Surame ce ta fi kowanne jan hankali: kufai ne mai faɗi a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, da ragowar ganuwar dutse da ƙofofi, an ayyana shi abin tarihi na ƙasa tun 1964. Sai dai hanyar daji ce, kuma yankin arewa da yammacin Argungu ya ga tashin hankali a 'yan shekarun nan. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun kai hari a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, suka kashe mutane. Kada kowa ya kama wannan hanya sai ya tambayi mutanen gari da jami'an tsaro a ranar da zai tafi, kuma idan suka ce a'a, ya haƙura. A fita da safe, a dawo kafin la'asar sakaliya.

Game da lokaci, Disamba zuwa Fabrairu ne mafi daɗi, da sanyin hunturu da sabuwar shinkafa a kasuwa, sai dai a zo da bargo da man shafawa. Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, yawo sai da safe da yamma. Agusta da Satumba gulbi yana cika ya zama abin kallo, amma hanyoyin fadama suna yankewa, sauro kuma yana ƙaruwa.