Gurasa da Miyar Niƙaƙƙen Nama: A Rage Mai, Kada a Rage Daɗi

Duk wanda ya taɓa bi ta Wudil ranar Juma'a ya san garin nama ne. Tun da sassafe motoci ke sauke shanu a Kara, 'yan kasuwa daga Kudu suna lodi, mahauta suna zaɓen nasu. Ka gangara bakin kogi kuma, ga lambunan rani shar: tumatir, albasa, tattasai, karas, alayyahu. Amma a wannan garin ne ɗalibi zai karɓi kuɗin tara ya ƙarar da su a kan farin burodi da lemon kwalba, kafin azahar yana gyangyaɗi a aji, cikinsa kuma yana kiran ciroma.

Wannan ne ya sa a makon nan muka ɗauko wani abinci da yaran Amurka suka saba ci a makarantunsu. Sunansa Sloppy Joe. Niƙaƙƙen naman sa ne ake dafawa cikin miyar tumatir mai zaƙi-zaƙi, a zuba tsakanin ɓari biyu na burodi. Miyar takan ɗiga ta ɓata hannu da riga, shi ya sa sunan yake da ma'anar kaca-kaca. Wasunku sun gan shi a finafinai ko a TikTok suna haɗiyar yawu. To ku kwantar da hankalinku, muna da ɗan'uwansa a gida tun kafin a haife mu.

Gurasa muke nufi. Kanawa sun daɗe suna gasa ta a tanderu, matan unguwar Jakara ma sun yi suna a kanta, daga can take bazuwa zuwa garuruwa irin su Wudil. Ana yin bandashe da ita, ana cin ta da tsire ko balangu, ana kuma jiƙa ta da miya. Gurasa tana shan romo ba ta dagargaje da wuri, abin da burodin leda ba zai iya ba. Idan aka tsaga ta aka cusa miyar niƙaƙƙen nama, an samu abin da Amurkawa suke yi, har da ƙari.

Sai dai ko a can Amurka masana abinci suna ƙorafi a kan nasu: nama mai kitse, miyar kwalba da aka cika da sukari, farin burodi. Cokalin cin abinci ɗaya na irin wannan miyar kwalbar yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi guda. Mu a nan sukari a miya bai dame mu ba. Namu ciwon shi ne mai da dunƙule.

Ku leƙa tukunyar miya a yawancin gidajenmu. Mai ne yake iyo a sama, ja wur, har ana ganin miyar da ba ta taso da mai ba kamar ta marowata ce. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, ludayi ɗaya kuwa cokali nawa ne? Ga kitsen naman ya narke ya haɗu da shi. Dunƙule kuma, kusan rabin kowane ɗaya gishiri ne. Mai girki za ta marmasa huɗu ko biyar, sannan ta ƙara gishiri da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, na yara kuwa ƙasa da haka. Yawan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini. Za ku ce ai hawan jini na su Baba ne. Haka ne, amma harshen da ya saba da gishiri yana shekara goma sha biyar shi ne zai riƙa neman sa yana shekara arba'in.

Ga yadda muka yi namu, ya kuma ishi mutum shida.

Daga wajen mahauci aikin yake farawa. A ce masa, “Baba, tsoka zalla muke so, ban da kitse.” Kwatan kilo ya isa. Kada ku yi mamakin ƙanƙantarsa, domin wake ne zai cike gurbin: gwangwanin madara ɗaya, a jiƙa shi tun dare. Jiƙon ya fi zuba kanwa, don kanwa tana kashe wasu sinadaran gina jiki da ke cikin waken. Da safe a dafa shi ya yi laushi, a ɗan farfasa shi da bayan ludayi. Idan ya shiga miya ya gauraya da nama, ƙannenku ba za su bambance wanne ne wanne ba. Aljihu ma zai huta, kowa ya san yadda nama yake tsada yanzu, ko a garin da ake sayar da shanu.

Batun niƙa naman yana buƙatar mu tsaya kaɗan. A jikin tsoka, ƙwayoyin cuta a waje suke zama, wuta tana taɓa su suke mutuwa. Da an niƙa naman kuwa, an cakuɗa na waje da na ciki. Shi ya sa niƙaƙƙen nama ya fi saurin lalacewa, kuma dole ya dahu har tsakiya, ba sauran ja ko kaɗan. Masana sun ce zafin cikinsa ya kai digiri 71. Injin markaɗen unguwa da ya niƙa wa kowa komai tun safe ba wurin kai nama ba ne. Ko dai a daddatsa shi ƙanana da wuƙa a kan katako mai tsabta, ko a bi dabarar iyayenmu mata wajen dambun nama: a tafasa shi da albasa da citta, a daka a turmi. Mu wannan ta biyun muka fi so. Idan romon ya huce, kitsen zai taso sama a kwashe shi da cokali, sauran romon ya koma miya.

A ɗora tukunya, a zuba man gyaɗa cokali biyu. Biyu kawai. A yanka manyan albasa biyu a zuba, a rage wuta, a bar ta ta yi laushi har ta soma yin ja. Zaƙin miyar daga nan yake fitowa, sai a yi haƙuri da ita. A zuba jajjagen tumatir shida, tattasai biyu, attaruhu daidai ƙarfin bakin masu ci, tare da karas biyu da aka goga. Karas yana kashe tsamin tumatir, idan kuma lokacin kabewa ne, yanki ɗaya ma zai yi wannan aiki. Sai daddawa, tafarnuwa, citta da ɗan masoro. Da waɗannan a tukunya, dunƙule ɗaya ya wadatar, kuma a ɗanɗana kafin a ce za a ƙara gishiri. Idan ruwan tumatirin ya tsotse, a juye nama da wake da ɗan romo, a rufe na minti goma sha biyar. Daf da saukewa a watsa ganyen zogale ko alayyahu tafi biyu. Ana so miyar ta yi kauri yadda za ta zauna a kan cokali.

Ranar farko za ku ji kamar da saura. Ba za mu ɓoye muku ba. Harshe yana ɗaukar 'yan makonni kafin ya saba da ƙarancin gishiri, amma idan ya saba, miyar da kuke ci a da ita ce za ta riƙa yi muku ɗaci.

Gurasar kanta, yawancin ta kasuwa da farar fulawa ake yi, wadda aka raba da dusarta. Alkamar da aka niƙa da dusarta ta fi riƙe ciki, kuma ana noman alkama a nan Kano, a filayen ban ruwa na Kadawa da Kura. Alkama zalla takan yi nauyi, yara su ture. A haɗa rabi da rabi, a gasa a busasshen kasko idan babu tanderu. Wanda bai samu ba ya ci da gurasar da ya samu, miyar ta riga ta yi rabin aikin.

'Yan mata musamman, ku saurara. Da zarar an fara al'ada, jiki yana ƙara buƙatar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, ƙarancinsa kuma yana kawo kasala, jiri da rashin mayar da hankali a aji. Jiki ya fi saurin ɗaukar na nama, kuma ɗan naman nan yana taimaka masa ya ɗauki na wake. Ɗanyen tumatir da aka yanka a kai, ko ɗigon lemon tsami, suna ƙara taimakawa. Shayi kuwa yana hanawa, don haka a ba shi tazarar kamar awa guda.

Saura zancen kaiwa makaranta. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba, a zafin bazarar Wudil ma awa ɗaya. A zuba miyar da zafinta a ƙaramar kula mai riƙe zafi, gurasa a gefe, sai lokacin tara a haɗa. Ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke girki a ɗaki ba firji, ku haɗa kuɗi ku dafa iya wanda za ku cinye a zama ɗaya, kada a kwana da shi.

Wajen ci, a tsaga gurasa, a cusa miya, a ɗora albasa da kokwamba, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli kaɗan, amma mai kyau wanda bai yi fumfuna ba. A kora da ruwa ko zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Masu farin yunifom kuma su sunkuya sosai, don miyar nan tana ɗiga.